KUƊIN MOTA ZUWA ASIBITI: WA ZAI BIYA?

Wannan jawabi ne da aka shirya domin karantawa a azuzuwan manya da majalisun ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Gagarawa. An buga shi a nan saboda mutanen Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar su ma su amfana.



Tun da aka fara raba katin asibiti a mazaɓun Gagarawa, akwai wata tambaya da ba ta ƙarewa a bakin mutane. Tambayar ita ce: wanda yake da kati, in an tura shi Gumel ko Dutse ko Kano, hukuma za ta mayar masa da kuɗin motar da ya kashe?

Amsar gajeriya ce. Ba za ta mayar ba. Katin yana biyan ganin likita da gwaji da magani, gwargwadon abin da aka rubuta a cikin tsarin. Amma kuɗin babur daga ƙauye zuwa bakin kwalta, da kuɗin mota daga nan zuwa gari, da kuɗin dawowa, duk a wuyan marar lafiya da danginsa suke. Gara mutum ya ji wannan yanzu yana zaune lafiya, da ya ji shi a ƙofar ofis bayan ya riga ya sayar da akuyarsa yana sa ran za a biya shi.

To, amma zancen bai tsaya nan ba. Akwai wuraren da ake samun taimakon hanya. Akwai kuma abin da ƙauye zai iya yi wa kansa.

YADDA KATIN YAKE AIKI

Inshorar lafiya, watau taimakekeniya, ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san adashi. Mutane da yawa ne suke zuba kuɗi wuri ɗaya. Wanda ciwo ya kama sai a yi masa magani daga ciki. Bambancinta da adashi shi ne, a nan mai lafiya ba ya ɗauka.

Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar wannan tsari a 1999, aka fara aiki da shi a 2005. Shekaru da yawa ma'aikatan gwamnati ne kawai suka fi cin moriyarsa. A 2014 aka yi Dokar Lafiya ta Ƙasa. Ita ce ta ce a riƙa ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin ƙananan asibitoci da marasa ƙarfi. A watan Mayu na 2022 aka sake wata dokar, wadda ta kafa hukumar NHIA, ta kuma ce inshorar lafiya ta zama dole ga kowane ɗan Nijeriya.

A Jigawa, hukumar da ke riƙe da wannan aiki ita ce JICHMA. An kafa ta zamanin Gwamna Muhammadu Badaru Abubakar. Ma'aikaci ana cire nasa daga albashi. Mai sana'a yana iya biya da kansa. Marar ƙarfi kuwa gwamnati ce take biya masa. A 2024 gwamnatin Malam Umar Namadi ta ɗauki mutum 500 a kowace mazaɓa, cikin mazaɓu 287 na jihar, ta sa su a tsarin kyauta. Jimlarsu 143,500.

Abin lura shi ne inda kuɗin suke zuwa. Hukuma tana tura su kai tsaye ga asibitin da aka rubuta sunan mutum a ciki. Kowane wata asibitin yana da rabonsa a kan kowane mai kati, ko ya zo ko bai zo ba. In ciwon ya fi ƙarfin wannan asibiti aka tura mutum gaba, babban asibitin ne zai yi aiki ya kai wa hukuma lissafi. Ko kwabo ba ya bi ta hannun marar lafiya. Direban tasha kuwa ba shi da wata yarjejeniya da hukumar. Shi ya sa babu tagar da mutum zai miƙa rasitin mota a ba shi kuɗi.

Saboda haka duk wanda ya zo ƙauye da wata takarda yana cewa a ba shi N1,000 ko N2,000 zai rubuta sunan mutum a cikin waɗanda za a mayar wa kuɗin mota, a riƙe shi da zance, a aika wa bulama.

WANI LOKACI HANYA TA FI MAGANI TSADA

Mai sauraro zai iya cewa: ai in an ɗauke wa mutum kuɗin magani an gama masa komai, kuɗin mota nawa yake? Mai wannan magana ɗan birni ne, ko kuma bai taɓa jinya mai tsawo ba.

Ƙasar Gumel ƙasar yashi ce. Ƙauyuka da yawa a Medu da Zarada da Maikilili da Kore Balatu suna nesa da kwalta. Kafin marar lafiya ya ga mota, sai ya hau babur ko amalanke. Kuma marar lafiya ba ya tafiya shi kaɗai. In mace ce, ga miji ko ɗan'uwa, ga kuma wadda za ta zauna da ita. Kujera uku ke nan. In ba ta iya zama, sai an sayi kujerun baya gaba ɗaya. In dare ne babu zancen kujera, sai shata, kuma mai shata da dare shi yake yanke kuɗi.

Sa'an nan ga tsadar mai. Ranar 29 ga Mayu, 2023, aka janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da N200 ta haura N500 cikin 'yan kwanaki. Kafin ƙarshen 2024 ta wuce N1,000 a wurare da yawa. Kuɗin babur da na mota suka bi ta.

Tafiya ɗaya mutum yana iya jurewa. Abin da yake karya gida shi ne tafiyar da ake maimaitawa. Masana lafiya na duniya sun ce tun 2016 mace mai ciki ta je awo sau takwas kafin ta haihu. Jariri yana da rigakafi ranar haihuwa, da mako 6, da mako 10, da mako 14, da wata 9, da wata 15. Mai tarin fuka yana shan magani wata shida, yana komawa karɓa da gwajin majina. Mai hawan jini da mai ciwon suga da mai farfaɗiya da mai sikila, nasu ba shi da ranar ƙarewa.

Wanda ya fi kowa shan wuya shi ne mai wankin ƙoda. Akwai sashen wankin ƙoda a Babban Asibitin Gumel, kuma hakan sauƙi ne babba ga mutanen wannan yanki, domin ya fi zuwa Kano. Amma ana wankin sau biyu ko sau uku a mako. A yi lissafi a matsayin misali. A ce kuɗin mutum ɗaya daga ƙauyensa zuwa Gumel N2,000 ne. Shi da mai raka shi N4,000. Zuwa da dawowa N8,000. Sau biyu a mako N16,000. A wata N64,000. Ko da ba a karɓi sisi a asibiti ba, buhun gero nawa ne zai tsaya wa wannan a shekara? Da haka mutum yake fara tsallake rana ɗaya, ya tsallake biyu, har ya zauna a gida ya ce ya bar wa Allah. Mutane su ce ya ƙi asibiti, alhali kuwa hanya ce ta fi ƙarfinsa.

Tun 1994 masana suka bayyana jinkiri iri uku da ke kashe mata wajen haihuwa. Na farko jinkirin yanke shawara a gida. Na biyu jinkirin hanya. Na uku jinkirin samun kulawa bayan an isa asibiti. Kati yana maganin wani ɓangare na ukun. Na farko da na biyu kuwa sau da yawa abu ɗaya ne. Maigida yana tsaye a zaure yana cewa a ɗan ƙara jira. A zuciyarsa lissafin kuɗin shata yake yi, yana jin nauyin faɗa.

YADDA WASU ƘASASHE SUKE YI

Mayar da kuɗin hanya ba mafarki ba ne. Akwai inda ake yi.

A Ingila, marar ƙarfi da likita ya tura babban asibiti yana zuwa da rasitin motarsa, da takardar da aka ba shi ta ranar zuwa, da shaidar cewa yana cikin masu karɓar taimakon gwamnati. Sai a biya shi a ofishin kuɗi na asibitin. In bai karɓa ranar ba, yana da wata uku ya cika takarda ya aika. Kuɗin hanya mafi araha ake biya. Wanda ya ga dama ya ɗauki shata alhali yana iya hawa bas, kuɗin bas zai samu. Mai rakiya ma ana biya masa in likita ya ce dole sai da shi.

A Faransa likita yana rubuta takardar mota kamar yadda yake rubuta takardar magani. Asusun lafiya na gwamnati yana biyan kashi 55 cikin 100, tun daga 2023. Mace mai ciki daga wata na shida ana biya mata duka, in tafiyar tana cikin waɗanda doka ta yarda da su. In nisan ya wuce kilomita 150 sai an nemi izini tukuna. A Indiya kuwa, tun 2011 gwamnati ta ce mai naƙuda za a ɗauko ta daga gida kyauta, a kai ta asibitin gwamnati, a kuma mayar da ita bayan ta haihu.

Sai dai a lura da abu ɗaya game da tsarin Ingila. Mutum ne yake fara biya, daga baya a mayar masa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Manomin da ba shi da ko sisi a watan Agusta, alkawarin za a mayar masa ba zai tayar da mota ba. Ga kuma zancen rasiti. Wane ɗan acaɓa ne yake ba da rasiti a Madaka? Ko da gobe aka kawo irin wannan tsari Jigawa, sai an gyara shi ya dace da ƙasar.

Misalin da ya fi kusa yana hayin iyaka, bayan Maigatari. A Nijar an ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuɗin asibiti tun 2006. Can ma aka ga kuɗin kai marar lafiya babban asibiti ya rage a kan talaka. Sai wasu gundumomi suka fito da dabara. Duk wanda ya zo ganin malamin asibiti yana ƙara dala ashirin, watau sefa 100, a wani asusu dabam. Kuɗin ba sa shiga na magani. Ranar da za a tura wani babban asibiti, daga nan ake zuba wa motar asibiti mai. Mai ciwon kai da mai gyambo su ne suke biya wa mai naƙuda hanya, ba tare da kowa ya ji a jikinsa ba.

ƘOFOFIN DA SUKE AKWAI A JIGAWA

Mafi yawan taimakon hanya da aka tsara a jihar nan na mata masu ciki ne da jarirai.

Akwai shirin Haihuwa Lafiya, wanda aka san shi tun zamanin Gwamna Sule Lamido, a ƙarƙashin Ma'aikatar Mata. A cikinsa an raba motoci ga ƙauyuka masu wuyar shiga, domin ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti. Motar amanar jama'ar gari ce. Inda aka kula da ita ta ceci rai da yawa. Inda aka mayar da ita motar kasuwa da biki, ranar buƙata sai a tarar ba ta gari, ko tana kan dutse babu taya. Garin da yake da irin wannan mota ya kamata kowane gida ya san wa yake riƙe da makulli, da kuma wa yake zuba mai.

Akwai kuma direbobin sa-kai na ƙungiyar direbobi ta ƙasa, NURTW. Daga wajen 2008 wani shiri da gwamnatin Ingila ta tallafa ya faɗaɗa wannan aiki a Jigawa da Katsina da Yobe da Zamfara. An koya wa direbobi alamun haɗari, da yadda ake ɗaukar mai naƙuda a kwantar da ita a mota. Direban ya yi alkawarin fitowa ko tsakar dare ne, kuma kuɗin mai kawai zai karɓa. Ladan da ƙungiya take ba shi abu ne mai sauƙi: in ya dawo tasha ba ya bin layi, shi ne zai fara lodi. Duk wanda ya san zaman tasha ya san wannan ba ƙaramin lada ba ne. Shirin na Ingila ya ƙare, amma tashoshin suna nan, shugabanninsu suna nan. Babu abin da zai hana dattawan gari su je wurin shugaban tasha su nemi a ba su sunan direba biyu a kan irin wannan sharaɗi.

Dokar 2014 ta ware kashi 5 cikin 100 na asusun da aka ambata domin taimakon gaggawa. Hukumar da ke kula da shi ana ce mata NEMSAS. Aikinta biyan motar asibiti da jinyar awa 48 na farko ga wanda ya yi haɗari ko ya shiga halin gaggawa. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kuma kiranta kyauta ne. A tambayi shugaban asibitin mazaɓa wace mota ce take zuwa mazaɓar, a karɓi lambar direbanta a ajiye. Amma wannan na gaggawa ne. Ba zai kai mai hawan jini ganin likita na wata-wata ba.

Wajen rigakafin yara, akwai ƙungiyar New Incentives da ta yi shekaru tana aiki a ƙananan asibitocin Jigawa da Katsina da Zamfara da wasu jihohin Arewa. Tana ba uwa ɗan kuɗi a hannu bayan an yi wa jaririnta allura. Kuɗin ba su da yawa, amma sukan biya babur. A tambayi mai yin allura ko asibitinsu yana ciki, kuma a riƙa zuwa da katin yaro.

Ga matan da doguwar naƙuda ta bar su da yoyon fitsari, akwai Babban Asibitin Jahun. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki a can tun 2008, kuma aikin kyauta ne. Kada a bar mace a ɗaki shekara da shekaru saboda tsoron kuɗin aiki. Kuɗin zuwa ne kawai abin nema.

ASUSUN HANYA NA GARI

Yanzu sai abin da ya fi muhimmanci, domin shi ne yake hannun jama'a. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gidan da ya tsaya sai naƙuda ta tsananta sa'an nan a fara buga ƙofar maƙwabta neman rance, ya riga ya ɓata awa biyu ko uku. Mace mai zubar jini bayan haihuwa kuwa tana iya rasuwa cikin awa biyu.

Maganin wannan shi ne asusun hanya. An gwada shi a ƙauyukan Jigawa tare da shirin direbobin nan, kuma ba ya bukatar izinin kowa. A ce gida 40 ne a unguwa. Kowane gida ya zuba N500 a wata. N20,000 ke nan. A wata shida an tara N120,000. Wanda kuɗi suke yi wa wuya ya ba da kwano biyu na gero ko wake da kaka. Lokacin da aka kai riɗi da zoɓo kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ko Gujungu ranar Lahadi, shi ne lokacin cika asusu. Da bazara da tsakiyar damina babu mai iya ba da komai, kuma a lokacin ne zazzaɓi yake kwantar da yara.

Irin wannan asusu yana mutuwa ne ta hanyoyin da kowa ya sani. Saboda haka a yi magana a fili tun ranar farko.

Ma'aji ya zama mutumin da yake kwana a gari. Mai zuwa cin rani, komai amanarsa, bai dace ba. Mai riƙe kuɗi dabam, mai riƙe littafi dabam. A nan ne ɗaliban ajin manya suke da aiki: a sami littafi guda, a ja layi huɗu, a rubuta rana, da suna, da abin da ya shiga, da abin da ya fita. Duk ƙarshen wata a karanta shi da ƙarfi a gaban jama'a. Lallai a sa mata a ciki, kuma a ba ɗaya daga cikinsu wani kaso ta riƙe a cikin gida. Dalili kuwa, ƙarfe biyun dare mace ta fi saurin shiga wurin mace.

Kuɗin kada su tafi banki gaba ɗaya. Banki ba ya buɗewa da dare, mai POS ma yana barci. A bar abin da zai ishi shata biyu a hannu kullum.

Sai a yanke: rance ne ko kyauta? Abin da ya fi ɗorewa shi ne rance marar ruwa, a biya bayan suna ko da kaka. Gwauruwa da marayu da wanda kowa ya san ba shi da shi, jama'a su yafe musu. Amma a faɗi wannan tun farko, kada a bar shi sai ranar biya a yi ta jin haushin juna.

Abu mafi wuya shi ne hana asusun zuwa inda ba a nufa ba. Wani zai zo da maganar taki. Wani da maganar kayan ɗakin 'yarsa. Wani babba ne a gari, ana jin kunyarsa. In aka ba mutum ɗaya, an buɗe ƙofa, kuma ranar da mai naƙuda ta zo sai a tarar da littafi cike da sunaye, akwati kuwa wayam. Ma'aji ya sami abin faɗa: ba ni na hana ba, dokar jama'a ce. Shi ya sa ake son a rubuta dokar a shafin farko, bulama da liman su sa hannu.

In asusun ya yi ƙarfi, jama'a suna iya ware wani kaso domin mai wankin ƙoda ko mai tarin fuka na unguwar. Mai tarin fuka musamman, domin in ya bar magani a tsakiya saboda kuɗin babur, ciwon zai dawo da ƙarfin da ya fi na da, kuma waɗanda suke zama da shi a majalisa su zai fara shafa.

Akwai wani shiri da ba ya cin ko kwabo, shi ne izini. Magidanta da yawa na wannan yanki suna tafiya Kano ko Legas ko Abuja da rani. Kafin mutum ya tafi, ya tara mahaifiyarsa da ƙaninsa da matarsa, ya faɗa a gabansu cewa in an ga alamar haɗari a tafi asibiti ba sai an neme shi a waya ba. Alamun su ne zubar jini, da jijjiga, da ciwon kai mai tsanani tare da kumburin fuska da hannu, da zazzaɓi mai zafi, da naƙudar da ta wuce awa 12, da hannu ko cibiya su riga kai fitowa, da mabiyiya ta ƙi faɗowa. Ko ɗaya aka gani, a kira direba.

RAGE TAFIYAR BANZA

Wani kuɗin motar ba ciwo ne yake cin sa ba, rashin tambaya ne.

Mai kati ya fara da asibitin da aka rubuta sunansa. In ya tsallake shi ya tafi Asibitin Rashid Shekoni a Dutse, ko na Tarayya a Birnin Kudu, ko na Malam Aminu Kano, ba tare da takardar turawa ba, katin ba zai yi masa aiki ba, sai fa in halin gaggawa ne. Ko dai ya biya da kansa, ko ya dawo ya karɓo takarda. Kuɗin mota biyu ke nan. Kafin ya bar ƙaramin asibiti ya tambaya ko an nema masa lambar izini daga hukuma, domin babban asibiti zai tambaye ta.

Manyan asibitoci kowane sashe da ranarsa. Likitan ido yana da rana, na ƙashi yana da rana, na masu suga yana da rana. Wanda ya je ranar da ba tasa ba sai ya kwana a gari ko ya dawo. A roƙi malamin asibiti ya buga waya ya tabbatar da ranar kafin a hau mota. A kuma tambaya ko gwajin da za a yi yana son mutum ya zo bai ci abinci ba. Mutane da yawa sun sha koko a tasha, suka isa aka ce su dawo gobe.

In likita ya rubuta ranar dawowa, a karanta ta a gabansa. Wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba tukuna ya ce a faɗa masa sunan ranar da kwanan wata, ya maimaita. Babu kunya a ce wa likita gida da nisa. Sau da yawa, in jikin mutum ya daidaita, likita yana iya ba shi maganin wata biyu ko uku, ko ya rubuta a riƙa auna masa jini a asibitin mazaɓarsa. Likita ba zai san mutum daga bayan Yalawa ya fito ba sai an gaya masa. Mata masu awo rana ɗaya kuwa su haɗu uku ko huɗu su ɗauki abin hawa ɗaya.

ABIN DA ZA A NEMA WURIN HUKUMA

Kowace mazaɓa tana da kwamitin raya mazaɓa, wanda yake zama da shugaban asibiti a tsara yadda za a kashe kuɗin da ake turo wa asibitin. Dokar 2014 ta ambaci sufuri a cikin abubuwan da ake kashe wani kaso na asusun a kansu. Saboda haka 'yan kwamiti suna da damar tambaya: in an tura marar lafiya Gumel daga wannan asibiti, da wace mota zai tafi, kuma wa zai zuba mai?

Sama da nan akwai kansila, da shugaban ƙaramar hukuma, da ɗan majalisar jiha. Bukatar da za a kai musu kada ta zama ta a biya wa kowa kuɗin mota. Babu gwamnatin da za ta iya, kuma mai neman komai yakan tashi babu komai. A nemi abu ƙayyadadde: mai wankin ƙoda, da mai ciwon daji da aka tura Kano, da yaro mai sikila, in suna cikin marasa ƙarfi masu katin kyauta, a riƙa ba su kuɗin hanya a asibitin ranar da suka zo. A yanke kuɗin gwargwadon nisan mazaɓa, ba sai da rasiti ba. Sunayensu suna cikin littafin asibiti, ƙirga su ba wuya. Takardar da ta zo da sa hannun kwamitocin mazaɓu goma na Gagarawa ta fi ƙorafin majalisa nauyi.

Kafin wannan ya samu, kowane gida mai mace mai ciki ko mai doguwar jinya ya sami takarda guda ya manna a bangon zaure. A rubuta lambar direba biyu, da ta mai babur ɗaya, da ta ma'ajin asusu, da ta shugaban asibitin mazaɓa, da 112. A rubuta da manyan baƙaƙe yadda za a iya karantawa da tocila. Katin asibiti da katin awo da takardar turawa a sa su cikin leda ɗaya, a rataye inda matar gida ta sani. Duk bayan sallah a kira lambobin a ji ko suna shiga, domin direba yakan canja layi ko ya koma wata tashar.